Ƙwai Huɗun Inna Tumba

Shekarar da aka kashe layukan waya a ƙasar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, har ya zama in mutum yana son jin muryar ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya tsallaka wata jiha, a wannan shekarar ne Balkisu ta dawo gida daga jami'a da wata takarda mai shafi biyu. Lokacin muna Gummi, damina ta uku ke nan da barin ƙauyenmu na kusa da Yargalma, bayan 'yan bindiga sun hana mu noma. Ku 'ya'yana kun san yayarku ta gama karatunta, kun ga hotonta da doguwar rigar kammala jami'a a ɗakin Innarku. Abin da ba ku sani ba shi ne saura kaɗan ta rasa wannan rigar, kuma ni ne sanadi, da wani abin da na aikata shekara goma sha ɗaya kafin ta shigo da takardar. Ina so ku ji shi daga alƙalamina, kada ku ji shi a bakin wani bayan ba ni.

Ni ban yi boko ba. Ajami na koya a gaban mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma da shi na zama mai rubuta wa mutanen ƙauyenmu wasiƙa. Wanda ke da magana zuwa ga Maigari, ko ga ɗansa da ya tafi cin rani, zai zo zaurena ya faɗa in rubuta, ya ba ni abin da ya sawwaƙa, goro ko damin dawa ko kaza. Saboda haka takardar Balkisu ita ta karanta mana, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, Innarku tana tsince wake. Karatun da take yi sunansa halayyar dabbobi, kuma tun shigarta ban taɓa gane kansa ba, domin ba sashe ɗaya ke koyar da shi ba. Ta ce da safe tana wurin masu ilimin halittu ana nuna mata jijiya da ƙwaƙwalwa, kafin azahar ta ruga wani gini wurin masu haɗa sinadarai, washegari kuma tana cikin masu lissafin ƙididdiga, darasin da ya kayar da ita sau ɗaya sai da ta sake shi. Har ajin masu nazarin halayyar ɗan Adam an wajabta mata ta zauna. Kowane sashe yana da makinsa da sai ta cika, kuma ba wanda ke yafe wa wani.

Innarku ta ce, "Ni dai ban gane ba. Shekara huɗu kina wagga wahala don ki san akuya na son dusa? Da kin tambaye ni, da na hwaɗa miki kyauta."

Na ce, "Ni abin da ya ɗaure mani kai, kin tahi karatun dabba, mi ya kawo halin ɗan Adam ciki?"

Balkisu ta yi dariya ta ce, "Baba, ka taɓa ganin akuyar da ba ta da mai ita? In akuya ta canza hali, wani lokaci mai ita ne ya canza."

Duk waɗannan darussa ta cika su. Saura guda, shi ne ke cikin takardar. An ce kowane ɗalibi ya nemi garken dabba iri ɗaya, wanda bai gaza ashirin ba, ya zauna yana kallonsu kwana arba'in a jere, safe da rana da yamma, a kan sa'a ɗaya kullum, yana rubuta abin da suka yi. Sa'an nan ya ɗauki bayanin mai kiwon, abin da ya gani a shekarun baya. Wanda bai kawo wannan aiki ranar komawa makaranta ba, sai ya maimaita shekara. Ni da Innarku muka dubi juna, domin mun san ƙarfinmu a gudun hijira ba zai kai wata shekarar ba. Da ma ta shirya da wani Bafulatani a wajen Anka za ta yi a kan shanunsa, amma ya tashi da garkensa ba wanda ya san inda ya nufa, hanyar kuma ba ta biyuwa. Ba waya balle ta nemi malamin da ke duba aikinta ya ƙara mata lokaci. Muka ƙirga, kwana arba'in da biyar suka rage. A gidanmu kuwa awaki uku ne, ɗaya ma gurguwa.

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta ɗauko littafi. Na girma cikin shanu da tumaki, ba abin da suke yi da safe ko da yamma da ban sani ba. In faɗa ta rubuta, kwana biyu mun cika arba'in ɗin.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ba a tambaye ni abin da na sani ba, abin da na gani aka tambaye ni. Ko dalili ba a yarda in rubuta ba tukuna. Ba zan ce tunkiya ta ji tsoro ba, sai dai in ce ta ɗaga kai, ta ja da baya taku uku. Malaminmu ya ce mai gaggawar faɗin dalili shi ne ke rufe ido tun bai gama gani ba."

Na ji kunya, ni da ke karantar da mutane cewa shaidar zur babban zunubi ce. Amma ba kunyar kaɗai na ji ba. Maganarta ta taɓa wani wuri da na daɗe ina kewaye shi.

Innarku ce ta kawo sunan Inna Tumba. Tsohuwa ce 'yar ƙauyenmu, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ranar da muka gudu, kowa ya ɗauki hatsi ko tabarma, ita kuwa kwando ta ɗora a kai da agwagi huɗu a ciki, suna kuka har Gummi. A bayan gidan ɗanta, bakin fadama, huɗun nan sun zama fiye da talatin. Balkisu ta yi murna, ta ɗauki littafinta da safe ta tafi gaishe ta. Kafin hantsi ta dawo, idanunta sun yi ja.

Ta ce, "Ta karɓe ni da kyau, har fura ta dama mani. Da na fito da littafi sai ta ce in mayar da shi. Ta ce ita da takarda sun rabu. Wai ta taɓa sa an rubuta maganar agwaginta an kai wa Maigari, ko amsa bai ba ta ba, har yara suka mutu. Ta ce takarda ba ta kai magana ko'ina, kuma ba mai sake zama kan agwaginta da alƙalami."

Innarku ta ce, "Allah sarki. Har yau ba ta yahe wa Maigari ba, ga shi shekara biyar da rasuwa. Ko gaisuwar mutuwarsa ba ta je ba."

Na tashi na shiga ɗaki.

Ga abin da ya faru. A shekarar da zinari ya bayyana a ƙasarmu, kafin kowa ya ji kalmar gubar dalma, samari suna kawo dutse daga rami a buhu, ana dakawa a turmi cikin gidaje, ana niƙawa a inji, ana wankewa a tabkin gabas. Baƙi sun cika gari, masu harsuna iri-iri. Ƙanena Haruna yana da inji, a jikin katangar gidanmu yake, kuma ba zan ɓoye muku ba, tuwon gidanmu ya ƙara kauri a wannan shekarar. Wata ranar Laraba da hantsi Inna Tumba ta yi sallama a zaurena, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ajiye ƙwan agwagwa huɗu a cikin 'yar ƙwarya. Ta ce ladan rubutu ne, kuma su ne na ƙarshe, domin agwaginta sun daina yi. Tana so in rubuta wa Maigari. Na jiƙa tawada, ta faɗa na rubuta, ban rage kalma ba. Da ta gama na busa takardar ta bushe, na naɗe, na ce mata zan kai da kaina bayan sallar azahar.

Ban kai ba. Na fita da ita a aljihu, na tarar da fadar Maigari cike da mutane, har da Haruna da abokan sana'arsa, ana ta raha. Na tsaya ina tunanin yadda za a ce Malam Sa'idu, mai jan baƙi a masallaci, ya zo da ƙarar agwagi. Na ce a raina ciwon kaji ne, kowace shekara yana zuwa. Na ce a raina tsohuwa ce, kaɗaici ya dame ta. Dalilai sun zo mini da yawa, kowanne da rawaninsa, kuma a ƙarƙashinsu duka akwai ƙarar injin Haruna. Na gaida Maigari, muka yi zancen ruwan sama, na dawo gida na sa takardar a cikin gafakar littattafaina. Ƙwai kuwa Innarku ta dafa, ni kaɗai na cinye, don a lokacin ba a ba yara ƙwai a gidajenmu. Da Inna Tumba ta tambaye ni bayan kwana biyu, na ce mata na kai.

Bayan wata uku yara suka fara suma da jijjiga. Sauran kun sani, ko kun ji. Likitoci suka zo daga nesa, suka auna jini, suka auna ƙasa, aka kankare ƙasar tsakar gidajenmu aka zuba sabuwa. Kafin nan mun binne yara da yawa. Cikinsu akwai jikar Inna Tumba, akwai kuma Sani, ƙanen Balkisu, yana da shekara biyu da rabi, ya fara iya cewa Baba. Ban sani ba ko takardar da ta isa za ta hana wani abu. Wataƙila Maigari ya yi dariya ya ajiye ta. Na gaya wa kaina haka sau da yawa. Amma dariyar tasa ce ya yi ko ya bari, ni aike aka yi mini. Ranar gudu, da na ɗauki gafaka, na san tana ciki.

Kwana biyu na yi ina juya maganar, kwanakin Balkisu suna raguwa. Ta zaga unguwa tana neman mai tumaki ashirin, ba ta samu ba, domin wanda ke da su ya sayar ko an kore masa. A rana ta uku, bayan na dawo daga sallar asuba, na kira Innarku na ajiye takardar a gabanta. Ba ta karatu, sai na gaya mata abin da ke ciki da yadda aka yi.

Ta ce, "Malam, da ka kai, da Sani na nan?"

Na ce, "Allah kaɗai ya sani."

Ta ce, "Shi ya sani, gaskiya ta." Ta share fuskarta da gefen zane. "Ni tawa maganar da kai sai na huce. Amma waccan tsohuwa tana riƙe da mamaci a zuci kan laihin da ba nashi ba. Tashi ka tahi tun rana ba ta yi zahi ba."

Na tarar da Inna Tumba a bayan gida tana watsa dusa, agwagi sun kewaye ta har ba a ganin ƙafafunta. Balkisu tana biye da ni, ba ta san abin da ya kawo mu ba. Muka gaisa, ta tambayi gida da jiki.

Ta ce, "Malam, in roƙo kaz zo yi wa 'yar boko, ka huta. Na riga na hwaɗa mata."

Na ce, "Inna, ba roƙo ya kawo ni ba. Kayanki na kawo miki."

Na warware takardar. Ta yi ja, naɗin ya kusa tsaga ta. Na karanta a tsaye:

"Daga Tumba zuwa ga Maigari, gaisuwa da ban girma. Bayan haka, agwagina ashirin da uku ne. Tun da aka fara wankin dutse a tabkin gabas sun daina gudu in an kore su. Fiffike ya saki yana jan ƙasa. Kashinsu ya koma kore. Toro ya bar bin mata. Wuya yana lanƙwashewa, su faɗi, su tashi, su sake faɗuwa. Tara sun mutu, kuma waɗanda suka fi son tabkin su suka fara. Na tsare biyar a gida ina ba su ruwan rijiya, su biyar ɗin lafiyarsu lau. Ban san dalili ba. Amma inda agwagi ke kiwo nan yara ke wasa. A duba. Wassalam."

Ƙwaryar dusa tana hannunta, ba ta ajiye ba. Ta ce, "Wagga tawa ta. Mi ya kai ta hannunka?"

Na ce, "Ba ta taɓa barin hannuna ba, Inna. Maigari bai gan ta ba har ya koma ga Allah. Ƙarya na yi miki."

Wata agwagwa ta ja bakin zanenta, ta ture ta da ƙafa a hankali. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta zage ni, kuma da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta tambaye ni da murya ƙasa-ƙasa:

"Ƙwaina fa?"

Na ce, "Na cinye."

"Duka huɗun?"

"Duka."

Ta gyaɗa kai. "To, an biya ka, ba ka yi aiki ba. Ni ba ni karɓar wasiƙata, ba ni anka rubuta wa ba. Kai ta inda anka aike ka. Maigari ya rasu, ɗansa na Bukkuyum da rawaninsa. Ka karanta mishi gaban mutane, kamar yadda za ka yi waccan Larabar. In ka zo da amsa, sai mu yi magana." Ta juya ta ci gaba da watsa dusa.

Da muka kusa ƙofar gida, Balkisu ta juyo gare ni. Ina jira ta ambaci Sani. Abin da ta faɗa daban ne.

Ta ce, "Baba, ka ji ta tsare biyar ta canza masu ruwa, ta bar sauran? Wannan shi ne darasin da na faɗi sai da na sake. Ita ba wanda ya koya mata." Sa'an nan ta ce, "Da an sami mai ilimin sinadarai ɗaya ya ji wannan magana, da ya ɗebi lakar tabkin a ranar."

Na ce, "Da an sami manzo ɗaya."

Washegari na kama hanya, saura kwana arba'in da ɗaya. Mai ya yi wuya a lokacin, mota sai ta cika maƙil take tashi. Ta sauke mu a Nasarawa Burkullu, daga nan na hau babur, mai babur yana tsayawa yana tambayar masu fitowa ko hanya lafiya. Sau ɗaya muka shiga cikin dawa muka yi shiru har wasu babura suka wuce, ba mu san ko su wane ne ba. Na isa Bukkuyum da yamma, na kwana wurin wani tsohon ɗalibina. Da hantsi na sami sabon Maigari a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, inda mutanen ƙauyenmu da suka yi hijira can suke taruwa. Yaron da na koya wa alifun ne, yanzu ga shi da furfura a gemu. Haruna ma yana wurin, ya rame, injin ya daɗe da zama tarihi. Na ce ina da wasiƙa zuwa ga Maigari.

Wani ya ce, "Malam, an kashe waya kasuwarka ta dawo ke nan!"

Aka yi dariya. Da na kai wurin toro ya bar bin mata, aka sake yin wata, irin dariyar da na guje wa shekara goma sha ɗaya. Ba ta kashe ni ba. Da na kai wurin yara, ba wanda ya motsa. Kusan kowa a ƙarƙashin bishiyar nan yana da ƙaramin kabari a ƙauyen da muka baro. Na gaya musu ranar da aka rubuta ta, da wanda ya riƙe ta. Haruna ya rufe fuska da hularsa. Wani dattijo ya tashi ya bar wurin, kuma har ya rasu bai sake amsa sallamata ba. Wannan yana cikin abin da na biya, ban kuma ce ya zalunce ni ba.

Maigari ya dube ni ya ce, "Malam, kana da alƙalami?"

Na ce ina da shi. Ya faɗa, na rubuta a bayan takardar.

Na koma Gummi a rana ta uku, ina lissafi a mota cewa kwanakin Balkisu sun gaza arba'in, na jawo mata maimaita shekara. Ban biya gida ba, na wuce bakin fadama da ƙurar hanya a jikina. Tun daga nesa na hango wata zaune a kan turmin da aka kifa, da littafi a cinya da agogo a hannu. Inna Tumba tana tsaye a kanta.

Tana cewa, "Ke 'yar boko, ba waccan ba! Waccan Mai Gardama ta, ita ka fara shiga ruwa kullum. Rubuta. Shekara huɗu kina jami'a ba ki iya bambance agwagwa da 'yar'uwarta?"

Balkisu ta ce, "Inna, duk farare ne."

"Ke ma duk baƙaƙe ku ke a gidanku, Innarki na ruɗewa?"

Ashe tun safiyar da na tafi ta aika aka kira ta. Ta ce yarinya ba ta ci mata ƙwai ba. Na yi sallama, na karanta wa Inna Tumba amsa: "Daga Maigari zuwa ga Inna Tumba. Wasiƙarki ta iso yau. Abin da kika gani gaskiya ne. Kin riga likitoci, kin riga mu duka. Ki yafe wa mahaifina, bai ji ba." Ta karɓi takardar da hannu biyu, ita da ba ta karatu, ta juya gaba ta juya baya. Sai ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da na gaya mata.

Ta ce, "Allah ya jiƙan Maigari. Shekara goma sha ɗaya ina tsallake sunanshi cikin addu'a."

Ni ba ta ce mini komai ba. Haka muka yi kwanakin nan. Ni ke raka Balkisu da sassafe saboda halin da gari ke ciki, in zauna a gindin wata giginya ina jan carbi, su biyu suna aikinsu. Inna Tumba tana amsa gaisuwata, ba ta ƙarawa. Daga inda nake ina jin su. Balkisu tana ƙirga sau nawa agwagwa ta tsoma kai, tsohuwa tana gaya mata wadda ta yi kwanci bara da wadda ke satar 'ya'yan wata. Wata rana suka yi musu a kan ko agwagwa tana gane mai ita. Balkisu ta ce ba za ta rubuta ba sai an gwada, suka yi musayar mayafi, agwagin suka bi tsohuwa duk da haka, ta yi ta yi mata dariya har da tafi. A nan na fara gane abin da ya sa aka tura 'yata gine-gine huɗu. A ƙauyenmu akwai mai ido, ba mai awo. Daga baya masu awo suka zo, ba su san akwai mai ido ba. Tsakaninsu kuma akwai ɗan Adam da halinsa, wanda na tambaya mene ne ya kawo shi cikin karatun dabba. Da aka zo ɗaukar bayanin mai kiwo, Inna Tumba ta ba Balkisu aron wasiƙar ta kwafe ta da boko, gaba da baya. Balkisu ta tambaye ni ko ta cire sunan marubuci. Na ce ta bar shi, ta kuma rubuta ranar da aka rubuta da ranar da ta isa.

Ranar arba'in ta faɗo Juma'a, washegari Balkisu za ta shiga mota. Da ta rufe littafi da yamma, ta durƙusa tana godiya, tsohuwa ta ce ta tashi, ta je ta gaya wa malamanta Tumba na gaishe su, kuma in suna da sauran tambaya su zo da kansu. Na miƙe ina kaɗe rigata za mu tafi. Sai na ji ta ce:

"Malam."

Rabon da ta kira ni tun ranar da na karanta mata wasiƙar. Na matsa na tsaya.

Ta ce, "An kai, an kawo amsa. Ka yi jinkiri, amma ka kai." Ta gyara ƙwaryar dusa a ƙugunta. "Ƙwan nan huɗu da kac ci, sun halatta gare ka."

Na buɗe baki in yi godiya. Ita kuwa ta riga ta juya, tana kiran Mai Gardama ta fito daga ruwa.